Buhun Dankali a Kujerar Minke

Ƙanena Siebe tun yana rarrafe bai iya yin abu shiru ba. Ni na raine shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, don haka babu mai ba ni labarin halinsa. In zai gyara ƙofar lambu sai duk layinmu ya sani, in ya gama gyaran kuma sai a kira kafinta.

Shekarar da ya ajiye aikin tuƙa motar madara aka ba shi kuɗin sallama, sai ya tado da maganar da ya daɗe yana cika mana kunne da ita: zai hau babur daga ƙauyenmu na Firislan, a ƙasar Holan, har can ƙuryar Norway, inda ƙasa ta ƙare, inda rana ba ta faɗuwa a lokacin zafi. Matarsa Minke za ta zauna a baya. Wannan alkawari ne da ya yi mata tun suna amarya da ango, ita kuwa baiwar Allah ko tsibirin da ake hangowa daga bakin teku sau ɗaya aka taɓa kai ta, shi ma ruwan sama ya koro su. Ba ta da yawan magana. Amma na san ta sayi jar rigar sanyi ta ɓoye a ƙasan akwati tun gashinta bai fara fari ba.

Ranar bikin zagayowar haihuwata ya zaɓa ya yi shelar. Muna zaune a da'ira a falona kamar yadda aka saba, kowa da gahawa a hannu da yankan kek a cinya, sai ya miƙe ya buga cokali a jikin kofi.

"Jama'a, Lahadin da ke bin kasuwar shekara, ni da Norway sai ido da ido."

"Allah Ya ba Norway haƙuri," na ce.

Okke, maƙwabcinsa mai gyaran tarakta, wanda tun suna makarantar firamare suke cacar baki, ya kurɓi gahawa ya ce, "Maƙwabci, ka kuwa san tsadar ƙasar nan? Surukina ya je. Ya ce da ya ga kuɗin miya kwano ɗaya sai da ya nemi kujera."

"Surukinka ai wawa ne," in ji Siebe. "Wane ɗan ƙasar nan ne mai hankali zai je ƙasar mutane ya sayi abinci? Ubanmu ya je Faransa da dankalinsa, ya dawo da ragowa. Ni ban da mai da kuɗin jirgin ruwa, ko sisina ba za su gani ba."

"To kuɗin sallamar fa?"

"Zan tafi da su, su ga duniya, su dawo."

Aka yi dariya, shi kuwa ya ɗauka yabo ne. Ya ƙara da cewa shi ba ya yarda da katin banki, wai a ƙasashen waje ɓarawo zai gifta ta gefenka kawai da wata na'ura a aljihu, ya tsotse maka kati kamar sauro. Washegari ya shiga birni ya canjo kuɗin kakaf zuwa kuronar Norway, ya dawo da ƙunshi kamar bulo, yana tafe yana waiwaye, har wanda bai san yana ɗauke da komai ba sai da ya sani.

Daga nan aka shiga neman maɓoya.

Da farko ya shimfiɗa su a cikin takalman hawa babur. Ranar Lahadi ya shigo coci yana ɗingishi da ƙafa biyu, ya fi tsawonsa na kullum. Matar fasto ta tare shi a bakin ƙofa tana tambayar ko ciwon gwiwa ne.

"A'a, Uwargida," in ji Okke daga baya. "Arziki ne ya sauko masa ƙafa."

Sai ya mayar da su cikin hular kwano, ya cusa a bayan soso. Hular ta ƙi shiga, ta zauna masa a tsakar ka kamar an kifa tukunya a kan turke. Ya wuce ta ƙofar gidana a haka yana ɗaga mini hannu. Iskar teku ta zo ta ɗauke hular, ta gangara da ita cikin makiyaya, Siebe ya jefar da babur ya bi ta da gudu, shanu suka bi shi su ma don su ga abin da ya samu.

Da yamma ya zo gidana yana tsane gumi. Na ce, "Kai Siebe, ba ka ba Minke ta riƙe a jakarta ba?"

"Yaya, mace da jaka? Ai nan ɓarawo ke fara dubawa. Ki bar ni. Zan samo wurin da ko shaiɗan bai san shi ba. Kuma ba mai ji, har Minke."

"Musamman Minke," in ji Minke a hankali, tana tsintar ciyawa daga jikin rigarsa.

Ana cikin haka kaya suna ta taruwa a ɗakin ajiyarsa na bayan gida. Buhun dankali biyu manya. Gwangwanayen miyar wake jere kamar sojoji. Kwalaben tunkuzar shafa wa burodi. Risho, tukunya, tanti, kujerun ninkewa, har da guga. Sannan sarkin kayan: curin cuku guda cur daga gonar bakin gada, mai faɗin tayar baro, ɓawonsa rawaya yana sheƙi. Ranar da ya kawo shi sai da ya zagaya layi da shi a kafaɗa.

Ranar gwaji duk layi ya fito. Ya sa kayan fatar da ya saya tun yana saurayi, Okke da wani suka taru suka ja masa zif, yana riƙe da numfashi har fuskarsa ta yi ja. An ɗaure kaya a gefe da gefe, an ɗora wasu a baya har sun fi kansa tsawo. Minke ta taka kujerar ninkewa ta hau, ta matse tsakanin bayansa da dankali.

"Ki riƙe ni da kyau," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Wannan dabbar ba ta san wasa ba."

Ya murɗa. Dabbar ta ɗaga ƙafar gaba sama kamar tana gaisuwa, ta yi tafiyar tsawon gida biyu a kan taya ɗaya, sannan ta karkata a hankali, cikin natsuwa, ta kwanta a rafin gefen hanya. Allah Ya taimaka Minke ta zame ta faɗa kan ciyawa. Siebe kuwa ya taso daga ruwa da kainuwa a ka, gwangwanayen miya suna yawo kewaye da shi kamar 'ya'yan agwagwa.

"Maƙwabci!" Okke ya ƙwala masa kira daga kan hanya. "Yaya Norway? Akwai sanyi?"

"Da gangan na yi! Ina gwada ko kayan suna shan ruwa!"

"To suna sha?"

Da tarakta aka jawo babur.

Okke ya gyara abin da ya lanƙwashe, ya gaya masa gaskiya: kayan sun fi ƙarfin babur, dole a rage. Sai Siebe ya sauko da sikelin banɗaki, ya naɗa Minke ma'auniya. Kullum da safe sai ta auna komai, ɗaya bayan ɗaya, ta faɗa masa, ya cire cokali ɗaya, ya mayar da cokali biyu, ya ce a sake. Tanti ya hau sikeli, guga ya hau, cuku ya hau, dankali ya hau. Ita dai tana ta aunawa.

A cikin kwanakin nan ne ya samo maɓoyarsa. Mu ba mu sani ba sai daga baya, amma gara in gaya muku yanzu don ku ji daɗin abin da ya biyo. Duk yammar da Minke ta tafi koyon waƙar coci, sai ya kulle kansa a ɗakin ajiya, ya kifa curin cukun nan, ya yanke ɗan faifai a ƙasansa, ya dinga ƙwaƙule ciki da cokali. Abin da ya ƙwaƙulo kuma ba shi da inda zai kai. In ya zuba a shara Minke za ta gani, in ya ba kare kare zai tona. Ga shi jinin gidanmu ba ya iya zubar da abin da aka saya da kuɗi. Sai ya cinye. Da rami ya isa, ya naɗe kuronar nan a leda, ya cusa, ya mayar da faifan, ya narka kakin kyandir mai ruwan rawaya ya shafe bakin.

Abin da muka gani mu dai shi ne Siebe ya daina cin abincin dare, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a ciki, kuma in ya yi maka magana kusa sai ka ja da baya.

"Na samu wurin," ya gaya wa Okke ta kan shinge, yana shafa ciki. "Ka tara ɓarayin Turai gaba ɗaya, in sun gano na ba su kyauta."

"Ka haɗiye su ke nan?"

"Ka dai ji da shi."

Saura 'yan kwanaki a tafi, nauyi bai sauka ba. Ina gidan da safen nan, na kawo wa Minke ƙwai. Siebe ya daɗe yana kallon kayan, ya kalli dankali, ya kalli matarsa, ya sake kallon dankali.

"Minke, ɗan hau sikelin nan mu gani."

Ta hau. Ya sunkuya ya duba, ya yi lissafi da yatsu, fuskarsa ta washe kamar wanda ya gano maganin mutuwa.

"Ikon Allah! Daidai da buhu biyun nan, har da ɗan canji. Kin ga an huta. In kika zauna, komai ya shiga."

"In na zauna a ina?" ta ce.

"A gida mana. Ki gane, ke za ki iya biyo ni wata shekara. Dankali ba ya jira, tsiro yake yi."

Na ajiye ƙwan don kada in fasa masa su a ka. Na ce, "Siebe, ni na wanke maka gindi kana yaro, kuma tun lokacin ban ga ka yi abin da ya kai wannan wari ba. Matarka za ka sauke ka ɗauki dankali?"

"Yaya, ba ki san lissafin tafiya ba. Ita in ta je ci za ta yi. Shi kuwa ci za a yi."

Na juya ga Minke ina jiran ta fasa kwano ko ɗaya. Sai kawai ta sauka daga sikeli, ta mayar da silifas ɗinta, ta ce, "Yaya Aukje, in dafa miki gahawa?"

Na fita ina tafasa.

To, a ƙauyenmu ranar kasuwar shekara, ƙungiyar mata ce ke da teburin cankar cuku, kuma ni ke riƙe da shi tun kafin a haifi rabin masu zuwa. Wani gida ya ba da curi, a ɗora a tebur, kowa ya jefa yuro ɗaya a gwangwani, ya ɗaga, ya faɗi nauyin da yake zato. Da la'asar a auna a gaban jama'a. Wanda ya fi kusa ya ɗauka, da ɓawonsa da cikinsa, amma sai ya yanka a nan take ya ɗanɗana wa mutane. Kuɗin gwangwani na gyaran rufin coci ne. Cukun da ya hau tebur kuwa ba ya sauka sai a hannun wanda ya ci. Haka muka tarar, haka nake yi.

Jajibirin kasuwa ban samu mai bayarwa ba, ina ta masifa a hanya, sai ga Minke ta turo baro har ƙofata, an rufe shi da tawul. Ta yaye. Curin Siebe ne.

"Ya san kin kawo?" na ce.

"Shi ya ce a rage kaya. Ya tafi aski."

"Madalla da aski."

Ranar Asabar filin gaban coci ya cika. Masu soya kifi, masu tsofaffin kaya, 'yan badujala da ƙahonninsu. Okke ne mai lasifika kamar kowace shekara, don ba mai iya ƙwace ta daga hannunsa. Wajen hantsi sai ga Siebe ya turo babur, an ɗaure kaya tsaf, buhun dankali biyu zaune a kujerar baya an yi musu ɗamara da igiya, ga 'yar tuta a sama. Ya kafe shi a gindin bishiya inda kowa zai gani, ya tsaya a gefe cikin kayan fata yana karɓar gaisuwa, yana nuna wa mutane hanyar Norway da hannu, ko da yake kudu yake nunawa.

Da ya gaji da yabon kansa sai ya taho teburina yana taƙama.

"Yaya, kawo in taimaka wa rufin coci. Shekara nawa ina ɗaga garwar madara, hannun nan sikeli ne. Ku dai ku tanadi wuƙa."

Ya jefa yuro, ya ɗaga curin, ya ɗan juya shi. Sai na ga idonsa ya tsaya a kan wani tabon kaki a ƙasa. Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya ajiye a hankali kamar jariri, ya ruga wurin babur, ya buɗe akwatin gefe, ya leƙa, ya zura hannu har kafaɗa, ya dawo ba jini a fuska.

"Yaya. Wannan cukun daga ina?"

"Daga gidan wani mai kyauta."

"Nawa ne!"

"Da. Yanzu na coci ne."

"Zan saya. Faɗi kuɗinsa."

"Ba na sayarwa ba ne, na canka ne. Ka jefa yuro, ba ka faɗi nauyi ba. Ana jira."

Ya matso kusa da kunnena, warin cuku ya buge ni. "Yaya, akwai magana."

"Ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi."

Ya waiga. Okke na tsaye taku uku da lasifika a hannu, kunnensa a miƙe kamar na zomo. Mutumin da ya ce a tara masa ɓarayin Turai, yaya zai buɗe baki ya ce matarsa ta tura bankinsa a baro?

"Ba komai," ya ce.

Ban san abin da ke ciki ba, amma na san ƙanena. Na gyara zama.

Kowa ya san curin gonar bakin gada kilo goma sha biyu yake yi, ko ya ɗara kaɗan ko ya gaza kaɗan, don haka duk masu canka a nan suke kewayawa. Siebe shi kaɗai ya san an rage. Abin da bai sani ba shi ne nawa ya ci. Ya rufe ido, ya ɗora hannu ɗaya a kan cuku, ɗaya a kan cikinsa, yana motsa leɓe.

"Jama'a ku zo ku gani," in ji Okke a lasifika. "Maƙwabcina yana yi wa cuku addu'a."

Siebe ya faɗi nauyi. Ya sake jefa yuro, ya faɗi wani. Ya sake. Ya juye aljihun wando, ya juye na riga, ya koma babur ya kwaso 'yan canjin da ya tanada don banɗakin hanya. Gwangwanina ya fara nauyi. Duk cankarsa tana wajen sha ɗaya da rabi, don a ganinsa ɗan taɓawa kawai ya yi.

Tsakanin canka da canka kuma yana gadin tebur. Duk wanda ya matso sai ya tare shi.

"Kada ka ɓata kuɗinka, ɗan'uwa. Ya lalace. Ba ka jin wari?"

"Ina ji," in ji mutumin, "amma kamar daga wajenka yake fitowa."

Matar fasto ta zo, mace mai ƙarfi kamar ingarma. Ta ɗaga curin sama, ta jijjiga shi kusa da kunnenta kamar mai zaɓen kankana. Siebe ya dafe tebur, zif ɗin kayan fatar ya ce ɓarrr ya buɗe daga wuya har cibiya.

"Ka ga," in ji Okke, "ko rigar ta gaji da riƙe sirri."

Can Siebe ya ɓace. Jim kaɗan sai ga shi ya dawo a guje da wani curin sabo da ya karɓo bashi daga rumfar masu cuku, ya ce mu yi musaya, wai wannan ya fi kyau, coci ta cancanci mai kyau.

"Mutane sun riga sun ɗaga wancan," na ce. "Amma tunda ka kawo, ajiye. An gode, na baɗi ya samu."

Sai Okke da kansa ya ajiye lasifika ya zo. Ya jefa yuro, ya ɗaga, ya ɗaure fuska, ya sake ɗagawa.

"Kai, wannan bai kai sauran ba. Sha ɗaya ba kaɗan."

Siebe ya yi wani ƙara kamar an taka ɗan kwikwiyo. Duk duniya in akwai hannun da ba ya so kuɗin sallamarsa su faɗa, na Okke ne. Ya laluba aljihu, babu ko ƙwandala.

Ana gab da rufewa sai ga Minke ta ratso jama'a, sanye da jar rigar sanyin nan, ko da yake rana ake yi. Ta buɗe 'yar jakarta, ta ciro yuro ɗaya, ta jefa. Ba ta ko taɓa cukun ba.

"Kilo goma da giram ɗari uku," ta ce.

Mutane suka yi dariya. Siebe ma, duk da halin da yake ciki, sai da ya girgiza kai. "Minke, wannan ba aikin mata ba ne. Wa zai ci... wa zai ce ya ragu haka?"

Mahauci ya kawo sikelinsa, aka ɗora. Filin ya yi tsit, har mai soya kifi ya bar kifinsa. Allura ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya cak inda Minke ta ce.

Aka ɗau tafi. Okke ya sake ɗaukar lasifika. "Jama'a, curin sha biyu ya dawo goma da 'yan kai. Ina ragowar ta tafi? Duk wanda ya ga kusan kilo biyu na cuku yana yawo a cikin kayan fata, ya sanar da mu."

Na miƙa wa Minke wuƙata. Siebe ya sha gabanta, murya ta yi laushi kamar man shanu a rana.

"Minke. 'Yar gidana. Abar ƙaunata. Mu kai shi gida mu yanka a natse, ko?"

"Al'ada ce, Siebe," ta ce. "Jama'a na jira."

Ta kafa wuƙa a tsakiya ta danna. Wuƙar ta shiga, ta faɗa fanko, curin ya rabe biyu, sai ga ƙunshin leda ya gangaro kan tebur, ya warware, kuronar Norway suka baje a tsakanin ɓarɓashin cuku, sun yi maiƙo suna ƙyalli.

Sai Okke ya kai lasifika baki a hankali.

"Jama'a, cukun bana ya haihu."

Ban taɓa jin ƙauyenmu ya yi dariya irin ta ranar ba. Mai ƙaho ya so ya busa ya kasa. Matar fasto ta zauna a kan akwatin kifi tana share hawaye. Siebe ya kai hannu zai tattara, na buge hannun da cokalin katako.

"Da ɓawonsa da cikinsa," na ce. "Na wanda ya ci ne. Ko ka taɓa jin an canza?"

"Yaya, kuɗin sallamata ne!"

"Kai ka ce in an gano ka bayar kyauta," in ji Okke. "Ta kan shinge ka gaya mini, ina da shaidu, kajina suna wurin."

Siebe ya juya ga matarsa. "Tun yaushe kika sani?"

"Kai ka ce in dinga auna komai kullum," ta ce, tana jera takardun tana goge su da tawul. "Komai yana nan yadda yake, cuku kaɗai ke ramewa. Kai kuma kana ƙiba."

Ta gama, ta zuba su a jakar nan da ɓarawo ke fara dubawa, ta ja zif, ta rataya. Sannan ta yanka cukun da ya rage ƙanana ta miƙa wa mutane, har shi ta miƙa wa. Ya kau da kai kamar an nuna masa guba.

"To yanzu tafiyar fa?" ya ce, murya can ƙasa.

"Gobe zan tafi Norway," in ji Minke. "Zan kwana a gado mai zanin gado, in ci abin da wani ya dafa, in sha miyar nan da ta sa surukin Okke neman kujera. Direba kawai nake nema. In kana so, kujerar gaba babu kowa."

Ya kalli babur a gindin bishiya, ya kalli buhunan nan biyu da ke zaune a wurinta da ɗamararsu.

"Dankalin fa?"

"Ya biyo mu wata shekara."

Washegari suka tafi, babur ya miƙe a kan tayoyinsa biyu kamar na mutanen kirki, jar riga tana kaɗawa a baya. Layinmu ya yi mako yana cin dankali da miyar wake. Rufin coci kuwa rabinsa da aljihun Siebe aka gyara shi.

Da suka dawo Minke ta ba ni labari. Ta ce duk inda ta biya kuɗi sai mai kanti ya sunsuna takardar ya dube ta. Ta ce kuma suna sauka daga jirgin ruwa ma'aikatan kwastan suka lura rigar direbanta ta yi tudu, suka sa ya buɗe zif, dankali ya zubo yana gangarawa a kan siminti. Ashe ƙasar ba a shiga da ɗanyen dankali sai da izini. Da buhunan nan biyu ya je, a bakin ruwa zai bar su, ya shiga Norway ba dankali ba mata.

Na tambayi Okke ko ya san da wannan doka. Ya ce tun ranar bikina ya sani, surukinsa ya gaya masa.

"To me ya hana ka faɗa?"

"Haba Yaya Aukje. In ɓata mana lokacin zafi guda?"

Shi kuwa gogan Siebe, ranar Lahadi yana bakin coci ya tara mutane, yana ba su labarin yadda ƙasa guda ta tsorata da dankalinmu har ta sa masa sojoji a bakin ruwa, da yadda ya je ya dawo ba ɓarawon da ya taɓa masa ko sisi, duk saboda tsarin da ya yi.

Na bar shi ya kai aya, sannan na ce ya biyo ni gida, na yi masa burodi da cuku.

Ya tuna yana da aiki.